Laccar Dakta Wagdi A Hawa Na Uku

Madam Suhair, sakatariyar Ƙungiyar Zukata Masu Jinƙai ta nan Tanta, ita ce ta biyo ni har kantin maganin da nake aiki, tana fifita da wani katin gayyata mai ruwan zinare a gefe.

"Nagwa, 'yar albarka, ranar Alhamis muna buƙatar hannayen nan naki," in ji ta. "Dakta Wagdi al-Fakharani ne da kansa zai zo daga Alƙahira."

"Wane ne kuma haka?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ina kogin Nilu yake. Ta ce shi ne malamin iya magana a gaban jama'a, mai koya wa manyan ma'aikata yadda ake tsayuwa, da yadda ake ɗaga hannu, da inda ake yin shiru don a tafa. Sannan ta karanta mini taken laccar tana lumshe ido: "Magana Ga Kowa: Yadda Mai Jawabi Zai Rungumi Masu Lalura."

Ni dai iyayena duka biyu kurame ne. Da hannu na fara magana kafin in fara da baki, shi ya sa duk taron da aka tuna akwai kurame a garin nan, ni ake nema in yi tafinta. Yawanci kuwa saura kwana biyu ake tunawa.

"A ina za a yi?"

"A zaurenmu mana. Na sama, mai jan labule."

"Hawa na uku? An gyara lif ɗin ne?"

"Ana kai," in ji ta, ta juya ta fita.

Tun ina sakandare ake kai.

Ranar Alhamis da hantsi na zo tare da Baba, wanda duk unguwa ke kira Amm Sobhi mai guga. Ya rufe shagonsa musamman, ya sa farar rigarsa wadda ya goge har tana ɗaukar ido. A bakin ƙofar ginin muka tarar da cincirindo. A tsakiya ga Ustaz Shukri Girgis, lauya, zaune a kekensa na guragu, ya sha kwat da laktaye, jakar takardu a kan cinya. Ƙarti biyu da ƙungiya ta ɗauko suna tsaye a kansa sun naɗe hannun riga.

"Ustaz, minti biyu ne mun kai ka sama," in ji ɗayan. "Jiya ma mu muka hau da firji."

"Allah ya ƙara ƙarfi," in ji Ustaz Shukri. "Firjin ya yi muku godiya?"

Madam Suhair ta sauko da sauri, takalmanta na ƙwas-ƙwas. "Haba Ustaz, don Allah kada ka ɓata mana rana. Sauran duk sun yarda an ɗauke su."

"Madam, shekarata ashirin da shida ina shiga kotu da ƙafafun keken nan. Ban taɓa bari an saɓa ni a kafaɗa kamar tukunyar gas ba. An gayyace ni in ji yadda ake rungumar mu. To ga ni, a sauko a rungume ni a nan."

Ana cikin haka sai ga Abla Inayat ta iso tana dogara sandarta. Makauniya ce, tsohuwar malamar Larabci, kuma kusan rabin mutanen Tanta sun sha dukan rula a hannunta, har da Madam Suhair. Ta saurari rigimar, ta ce, "Shukri, kira ni a waya. Zan sa ka a jaka in hau da kai. Kai ka je ƙahwar Hilmi ka sha shayinka."

Haka kuwa aka yi. Ya tura kekensa zuwa gidan shayin da ke manne da ginin, ita kuma ta buɗe lasifikar wayarta, ta jefa ta cikin jaka, ta kama hannuna muka hau. Matakala sittin da huɗu. Ita ce ta ƙirga, da ƙarfi, don kowa ya ji.

A sama, layi biyu na gaba na manyan baƙi ne: 'yan kwamitin ƙungiya, da matansu, da wani mai kamfanin alewa da ya ba da lemon taro. Waɗanda aka yi taron dominsu kuma an jera su a baya. Kurame su sha tara suna can ƙurya kusa da ƙofa, inda ko giwa ce ta tsaya a dandamali sai sun miƙa wuya kafin su gan ta. Ni kuma an nuna mini wurina, bayan wata ƙatuwar tukunyar fulawa a gefen dandamali.

"Dakta ba ya son motsi kusa da shi," in ji Madam Suhair. "Kuma ana ɗaukar bidiyo."

Na tura tukunyar da ƙafa ta matsa, na hau kan dandamalin na tsaya. A daidai lokacin Dakta ya shigo.

Dogon mutum ne mai cika ido, gashinsa baƙi wuluk irin baƙin da ake saya a kantinmu. Yana tafe yana shafa laktayensa daga sama zuwa ƙasa. Kafin ya kai mumbari kurame sun riga sun raɗa masa suna: hannu a shafo ƙirji daga wuya zuwa cibiya. Na ga sunan yana zagaya layin baya daga hannu zuwa hannu, kafaɗu na rawa.

"A kashe fitilu," in ji shi, bayan ya yi gyaran murya. "Za mu fara da majigi."

Aka kashe, aka ja jan labulen. Zauren ya yi duhu ƙirin, in ban da farin allon da ke bayansa. Na ci gaba da juya hannuwana a cikin duhun, don dai aikina ke nan, ko da yake ni kaina ba na ganinsu. Bai gama gaisuwar manyan baƙi ba sai fitila ta kawo. Baba ne tsaye a jikin makunni. Madam Suhair ta je ta kashe. Tana juya baya ya kunna. Sau uku suna haka, shi yana mata murmushi irin wanda yake yi wa mai kawo guga da ya zo neman ragi. A karo na huɗu ta haƙura, aka bar fitilar gefena.

Dakta ya fara da Larabcin littafi, irin wanda ake huɗuba da shi, kalma na bin kalma kamar jerin gwanon motocin biki. Ya ce mu jarumai ne. Ya ce mu fitilu ne masu haskaka wa masu lafiya hanya. Ya ce duk lokacin da ya ga ɗayanmu sai ya ji kunyar kansa. Yana magana yana kai da kawo, rabin lokaci ya ba jama'a baya yana kallon allonsa, abin maganar kuma yana can wajen cikinsa. Wata dattijuwa mai na'urar ji a kunne ta yi ta murɗa ta, ta gaji ta cire ta sa a jaka.

"Kamar yadda kuke gani a nan," in ji shi, yana nuna allo da ɗan jan haske.

Sanda ta bugi ƙasa sau biyu. "Ɗana," in ji Abla Inayat, "ba ma gani. Dalilin da ya sa aka gayyato mu ke nan. Me ke nan ɗin?"

Ya yi 'yar dariya. "Gaskiyarki, Hajja. Hoto ne na wani babban taro a Dubai."

"Wa ke cikin hoton?"

"Ni ne."

"Kai da wa?"

"Ni ne dai, ina riƙe da lambar yabo."

"Madalla. Ci gaba."

Ya danna, wani hoton ya fito. "A nan kuma, kamar yadda…" Ya tsaya. Ya haɗiye sauran.

"Wannan fa?" in ji Abla.

"Wani taron ne, a Amman."

"Kai ne kuma?"

"E."

"Ka yi ƙiba a ciki ko ka rame? Ka kwatanta mana sosai, mu ma mu amfana."

Dariya ta tashi daga baya, ta zo har layi na biyu, inda matan 'yan kwamiti suka rufe baki da katin gayyata. Dakta ya wuce hotuna huɗu a jere ba tare da ya ce uffan ba. Ni da nake kusa na gan su. Duk shi ne.

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya saki muryar da na tabbata ita yake sayarwa a Alƙahira. "'Yan'uwana, ku riƙe wannan. Naƙasa ba a jiki take ba. A zuciya take!"

Ya yi shiru a inda ake tafi. Layin gaba suka tafa. Sai wata murya ta fito daga jakar Abla Inayat, da ƙarar cokali a cikin kofin shayi.

"To Dakta, a ce wa zuciyar tawa ta hau benen mana. Ni ina nan ƙasa ina jiran ta dawo ta ba ni labari."

Dakta ya waiwaya hagu da dama. "Wane ne ke magana?"

"Shukri Girgis, lauya. Ina cikin jakar Abla, tsakanin carbi da maganin hawan jini. Kuma don Allah ka riƙa kai abin maganar bakinka. Tun ɗazu cikinka kawai nake ji."

Wannan karon har mai kamfanin alewa sai da ya yi dariya. Na fassara wa kurame duka, suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, wanda shi ne tafinsu. Dakta ya ga hannuwa sha tara sau biyu a sama, ya ɗauka tambaya ce, ya ce a bari sai ƙarshe.

Daga nan fuskarsa ta canza. Ya lura idanun jama'a sun bar kansa sun koma kaina, har na layin gaba, don mutane na son kallon maganar hannu ko ba su iya ba. Ya sa tafin hannu ya rufe abin magana, ya matso kusa da ni, yana wa jama'a murmushi, ya yi ƙasa da murya.

"Ke, rage wannan wasan hannun, kina ɗauke mini hankalin manyan baƙi. Taƙaita musu kawai. Ai ko rabin abin da nake faɗa ba ganewa za su yi ba."

Hannuwana suka tsaya cak. Na san in na yi shiru taro zai ƙare lafiya, Madam Suhair ta ci gaba da kirana 'yar albarka. Na dubi layin baya. Baba ya ɗaga gira yana tambayata da ido: me ya ce? Tun ina 'yar shekara shida nake raka shi asibiti da ofisoshi, kuma abu ɗaya ya hana ni, wato in ji magana a kansa in haɗiye. Ko zagi ne, ya ce nasa ne, in ba shi kayansa.

Na ba su kayansu. Kalma bayan kalma, har da murmushin, har da rufe abin magana da tafin hannu.

Babu wanda ya yi dariya. Baba ya miƙe a hankali, ya gyara wuyan rigarsa, ya tako har tsakiyar zauren inda kowa zai gan shi. Ya fara magana, ni kuma na juya ina faɗa da baki, da ƙarfi, yadda ba na buƙatar lasifika.

"Amm Sobhi mai guga ke magana. Ya ce a gaya wa Dakta ya kwantar da hankalinsa, sun gane duka. Ya ce cikin minti arba'in abu uku ka faɗa: ka je Dubai, su jarumai ne, kuma kana so a tafa maka. Yana tambaya ko akwai na huɗu, don ya bar kayan mutane a shago."

Baba ya juya zai tafi, sai ya dawo ya ƙara wani abu. Na so in tsallake wannan, amma ya tsare ni da ido.

"Ya ce kuma duk wanda ya goge maka rigar nan ya cuce ka. Wuyan ya karkace."

Hannun Dakta ya kai wuyansa kafin ya ankara. Kurame suka tashi gaba ɗaya suka bi Baba. Abla Inayat ta miƙe, makafin da ke kusa da ita suka dafa kafaɗun juna suka bi ta. Waɗanda aka hau da su a kafaɗa kuwa sai da aka nemo ƙartin nan biyu, aka yi ta saukowa da su ɗaya bayan ɗaya, ana wucewa da su ta gaban mumbari, Dakta na tsaye yana kallo. Madam Suhair ta riƙo hannuna.

"Nagwa, kin kashe ni. Ina za ki? Ba a gama ba!"

"Madam, wa zan yi wa tafinta? Mai alewa?"

A ƙahwar Hilmi aka haɗa tebura a bakin titi. Aka kawo shayi da na'ana'a, wani ya aika aka sayo burodi da ta'amiyya mai zafi, irin ƙosanmu na wake. Mun kai awa guda a wurin muna maimaita abin da ya faru, kowa na ƙara gishiri, sai ga Dakta ya sauko shi kaɗai, jakarsa a hannu. Ya gama laccarsa ga layi biyu. Direbansa kuma ya tafi cin abinci, don an ce masa sai azahar. Ya tsaya a rana yana danna waya, yana yi kamar bai gan mu ba.

"Dakta," in ji Abla Inayat ba tare da ta juya ba. "Na ji turarenka tun daga hawa na biyu. Zo ka zauna, ba ma cizo. Hilmi, shayi ɗaya, kada ka cika sukari, yau ya sha zaƙin bakinsa ya ishe shi."

Ban zaci zai zo ba, amma rana ta yi zafi, kuma ba a cika ƙin kiran Abla ba. Ya zauna a bakin kujera. Ya fara cewa an yi masa mummunar fahimta.

"An fahimce ka sarai, matsalar ke nan," in ji Ustaz Shukri. "Kana da biro? To rubuta. Kafin ka karɓi gayyata, ka tambaya ko ƙofar wurin na shiguwa."

Wai don kada a ce ya yi girman kai, ya ciro ɗan littafi. Daga nan aka yi masa caa. Abla ta ce duk abin da ya sa a allo ya faɗe shi da baki, in kuma yana jin kunyar faɗa, to ya cire shi. Dattijuwar nan mai na'urar ji ta ce ya daina yi wa bango lacca, ya fuskanci mutane su ga leɓɓansa. Wani matashi makaho mai karatun shari'a ya ce a riƙa aiko da rubutun tun kafin ranar, wayarsa ta karanta masa. Baba ya ce kurame a gaba, tafinta a cikin haske, kuma in yana magana da kurma ya dubi kurman, ya bar kallon 'yarsa. Ya ce kuma ya riƙa numfashi tsakanin jimla da jimla, don hannu ma na gajiya.

"Kalmar jarumai kuma ka bar ta a gida," in ji Abla. "Ni ban yi yaƙi da kowa ba. Nahawu na koyar."

Ya rubuta shafi huɗu. Da direbansa ya zo ya tashi, ya ce taron ya yi armashi, ya shige mota. Haƙuri dai bai ba kowa ba.

Madam Suhair ta yi wata biyar ba ta gaishe ni ba. Maganin ciwon kanta ma a wani kantin take saya. Sai ga ta wata safiya da sabon kati, da wani ɗan littafi mai hoton Dakta a bango, ya harɗe hannuwa. Sunan littafin *Ƙa'idojin Wagdi Guda Bakwai Na Magana Ga Kowa*. Na buɗe. Ga maganar Ustaz Shukri ita ce ƙa'ida ta ɗaya, ta Abla ta biyu, ta Baba ta huɗu da ta biyar. A gabatarwa ya rubuta cewa ya gano su ne bayan shekaru ashirin na bincike a ƙasashe tara.

"Zai dawo," in ji ta. "Kuma ya ce ke yake so."

Da na kai wa Ustaz Shukri littafin na ɗauka zai shigar da ƙara. Ya karanta, ya yi dariya har da tari. "Bar shi ya sata. Da sunanmu ne a kai, wa zai saya? Yanzu kuwa manyan ma'aikata za su biya shi ya gaya musu su sa fitila."

An yi lacca ta biyu a wani zauren biki na ƙasa, mai faffaɗar ƙofa. Kuma in faɗi gaskiya, mutumin ya yi komai daidai. An aiko da rubutun saura mako guda. Kurame na layin farko, ni ina kusa da shi, fitila a kaina. Abin magana bai bar bakinsa ba. Bai juya baya ko sau ɗaya ba. Duk hoton da ya fito sai ya tsaya ya kwatanta shi dalla-dalla: launin kwat ɗinsa, wanda ke damansa, girman lambar yabon. Yana magana a hankali, yana jira in gama kafin ya ci gaba. Da wannan tsarin, laccar da a da minti hamsin ce ta kai awa biyu da kwata.

Kowa ya ji komai. Ba kalma ɗaya da ta kuɓuce wa kowa. Wajen ƙa'ida ta huɗu na ga kurame sun fara rufe ido ɗaya bayan ɗaya, har na koma ina yi wa mutum uku tafinta. Ustaz Shukri ya yi barci a kekensa, haɓa a kan laktaye. Da aka zo lokacin tambayoyi ba wanda ya motsa, don kowa na tsoron kada ya amsa. Dakta ya dubi zauren cike da jin daɗi, ya ce wannan shirun shaida ce cewa saƙo ya isa ga kowa.

Da muka fito kafaɗuna kamar ba nawa ba. Abla Inayat ta kama hannuna muka bi titi a hankali, Baba na gefe yana hamma.

"Gaya wa babanki su kurame sun more," in ji ta. "Su rufe ido kawai sun huta. Ni da me zan rufe kunne a gaban mutane?"

Na gaya masa. Ya yi dariya, ya tambaya ko ta yi nadamar koya wa mutumin.

"Ko kusa," in ji ta. "Shekara sittin ina zargin masu ido suna jin wani daɗi a irin tarukan nan da ake ɓoye mana. Yau an ba ni rabona cikakke, na tabbatar ba komai a ciki. Tsaya a nan, 'yata, na ji ƙamshin gasasshen dankali. Saya mana uku, ki ce ya zaɓo masu laushi."